Tunawa da Malam Haruna, Malamin Faransancinmu

Ranar Talatar makon jiya da safe, ina tsugune a ƙofar gida ina wanke wa ƙaramar 'yata fuska, sai na hango Garba, babban ɗan Malam Haruna, ya karyo kwana a kan keke. Da ya sauka bai tsaya jingine keken ba, ya sake shi ya faɗi, nan na san abin da ke tafe da shi. Tun da aka yanke layukan waya a garin nan, labari da ƙafa yake zuwa, kuma ba wanda ke doka sammako gidan wani don ya kai masa albishir.

Ya ce, "Yaya Isa, Baba ya rasu."

Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Su ne?"

"A'a, ba su ba ne. A kan shimfiɗarsa ya cika, bayan sallar asuba. Inna na riƙe da hannunsa."

Sai da na ji haka sannan na iya cewa inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Garba bai ga laifina ba. Ya ce duk gidan da ya shiga da wannan labari, tambayar da aka fara yi masa ke nan. Haka zamanin nan ya mai da mu a Potiskum: a ce maka malaminka ya rasu, ka fara da godiya cewa ba harbe shi aka yi ba.

Malam Haruna malamin Faransanci ne a makarantar sakandaren jeka-ka-dawo da na yi, wadda daga baya na dawo ina koyarwa a cikinta. Ya koyar da ni ina yaro, muka kuma yi zama a ɗakin malamai ɗaya ina da iyali, amma har ya bar duniya ban taɓa iya zama a kujera yana tsaye ba. Mutumin Karai-Karai ne, daga wani ƙauye a yankin Gadaka. Yana ƙarami kawunsa mai fataucin shanu ya tafi da shi Nijar, ya bar shi a Damagaram wurin wani amininsa, can aka sa shi makaranta. Ya dawo gida da Faransanci tas a bakinsa, Hausarsa kuwa har tsufa ba ta rabu da harshen gida ba, yakan mai da mace namiji a magana, mu yi ta dariya a ɓoye. Ya san muna yi. Yakan ce, "Ku yi dariyarku. Ranar jarrabawa ni zan yi tawa."

Bai taɓa zuwa Faransa ba, bai ma taɓa ganin teku ba. Amma akwai wani marubucin ƙagaggun labarai na ƙasar da Malam ya san rayuwarsa kamar tare suka tashi. Sunan mutumin ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka laƙaba masa Mai Lofe, domin a hoton da ke bayan littattafansa wani tsoho ne mai kumburarrun idanu da lofe a baki. Malam ya yi faɗa a kan wannan suna har ya gaji, daga baya shi ma ya koma kiransa da shi.

Duk ranar Juma'a, idan lokacin darasi ya kusa ƙarewa, sai ya rufe littafin nahawu ya ba mu wani yanki na tarihin mutumin. Ya ce an haife shi a wani gari na bakin teku, ubansa mai gyaran jiragen masunta ne, uwarsa tana sayar da kifi. Ya tashi da ciwon ƙirji, ko soja ba a ɗauke shi ba. Sai ya samu aikin sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, yana rubutu da sassafe kafin ya fita. Yana wannan aiki sojojin abokan gaba suka mamaye ƙasarsu. Masu hali suka gudu, shi ya zauna a bayan ƙaramar tagarsa, yana ganin waɗanda ake lodawa a jirgi ba su dawowa. Bayan yaƙi ne aka buga littafinsa na farko, wani mai shirya fim ya ɗauka, fim ɗin ya zagaye duniya. Daga nan duk abin da ya rubuta sai an mai da shi fim. Mutane suka haddace sunayen 'yan wasan, shi kuwa ko a layin sayen burodi ba a gane shi. Ban taɓa bincika ko duka haka abin ya faru ba, ko Malam ya ƙara gishiri. Yadda ya ba mu, haka na riƙe.

Wurin da ya fi son maimaitawa shi ne ranar da Mai Lofe ya shiga silima ya zauna a can baya don ya kalli fim ɗin littafinsa na farko. A littafin, da sojoji suka zo, mutumin labarin ɓuya ya yi a rumbun ajiye kifi har suka tafi. A fim kuwa an sa shi ya fito ya tsaya a gabansu yana buga ƙirji. Jama'a suka yi ta tafi, marubucin ya ɗauki hularsa ya fita. Idan Malam ya kawo nan sai ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Fim na jarumai ne. Littafi na irinmu ne."

Mun kalli finafinan da idonmu. Akwai wani malamin kimiyya, Mista Bitrus, mutumin Filato, wanda yake Potiskum tun ina yaro. Shi ke da talabijin da ɗan janareto. Ranar Asabar da yamma sukan ɗauko kayan su biyu, Malam ya rungumo talabijin kamar jariri, Mista Bitrus na biye yana cewa, "Haruna, a hankali, ba naka ba ne." A ɗora a kan tebur a babban aji, mu cika har tagogi. Malam ya tsaya a gefe yana fassara mana, yana yin muryar mace, yana yin ta tsoho. Idan aka zo wurin da bai dace yara su gani ba, sai ya tare allon da babbar rigarsa ya ce, "Nan ba darasi." Wani uba ya taɓa zuwa ya yi ƙorafi cewa ana koya wa 'ya'yansu al'adar Turawa. Malam ya ba shi kujera, ya zuba masa ruwa, ya ce, "Alhaji, harshe ƙofa ce. Leƙawa muke yi, ba kwana ba." Mutumin ya zauna ya kalli fim ɗin har ƙarshe.

Sannan wannan musiba ta zo. Ba sai na faɗa wa mutanen garin nan yadda ta zo ba. Da farko labari muke ji daga gabas, sai ya matso Damaturu, sai Damagum, sai muka wayi gari muna jin abin a unguwanninmu. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fita, shingen bincike ya cika hanyoyi. Mutum ya daina ambaton sunansu, sai dai ya ce yaran nan, ya kuma waiga kafin ya faɗa. Malaman makarantar boko muka zama abin nema. Muka daina rataya jaka, muka daina sa alƙalami a aljihun gaba. Ni kaina nakan wanke allin da ke hannuna kafin in fita ƙofar makaranta, in bi wata hanya yau, gobe in bi wata. Kallon ranar Asabar ya mutu ba tare da wani ya ce a daina ba.

Malam ya fi mu shiga tsaka mai wuya. A wurin mutanen daji, shi ne bokon boko, mai koyar da harshen Nasara yana nuna wa yara hotunansu. A wurin masu tsaro kuwa, Faransanci harshen tsallaken iyaka ne, duk mai yin sa abin tuhuma ne. Wata rana, kafin a yanke waya, yana cikin mota zai je Gadaka duba gonarsa, wani tsohon abokin karatunsa ya kira shi daga Nijar. Ya amsa da harshen da suka saba, daidai suna isa shinge. Aka sauko da shi, aka zaunar da shi a kan kwalta cikin rana, hannu a ka, mutumin da furfura ta gama cin gemunsa. Motar ta tafi ta bar shi. Tun hantsi yana wurin har la'asar, sai da wani direban tirela da ya taɓa zama ɗalibinsa ya gan shi, ya tsaya ya yi ta rantsuwa cewa malaminsu ne, sannan aka sake shi. Da na je duba shi, ƙafafunsa sun kumbura suna cikin ruwan ɗumi. Na fara zagin waɗanda suka yi masa haka, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Bari, Isa. Yaron da ya tsare ni, bakin bindigarsa rawa yake yi. Ya fi ni jin tsoro. Abin da ya sa na ƙara tsorata ke nan."

Ba zan ce Malam jarumi ne ba, domin da yana raye da ya ƙaryata ni a gaban jama'a. Mutum ne mai tsoro, kuma ba ya ɓoyewa. Ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya zabura. Ya rame, ya daina cin abinci sosai. Wani matashin malami ya taɓa cika baki a ɗakin malamai cewa shi ba ya tsoron kowa sai Allah. Malam ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Wanda bai ji tsoro ba a garin nan, ko dai bai ji labari ba, ko ba shi da kowa."

Da aka fara jin cewa ana shiga gidajen malamai ana duba ɗakunansu, matarsa, Inna Asabe, ta sa shi gaba da kuka. Ta ce ba don ita ba, don jikokin da ke gidan. Wata Lahadi da azahar ya aiko a kira ni. Na tarar an fito da akwatin ƙarfensa tsakar gida, littattafan Mai Lofe da kaset-kaset ɗin finafinan duk a zube kusa da murhu. Wasu tun yana saurayi ya taho da su daga Damagaram, takardunsu sun yi ja.

Na ce, "Malam, a ba ni in kai ƙauye in binne. Ko a rumbu a sa."

Ya ce, "Ka bi da su ta wane shinge? Kuma in an same su a rumbun wani, wa na jawo wa?"

Shi da kansa ya riƙa yaga su yana miƙa wa wuta, kaɗan-kaɗan don kada hayaƙi ya yi yawa maƙwabta su yi tambaya. Kaset ɗin ba su ƙonuwa sai wari, muka farfasa su da taɓarya muka zuba a masai. Inna Asabe na tsaye a bakin ɗaki ta rufe baki da mayafi. Da ya zo kan littafi na ƙarshe ya juya shi ta baya, ya daɗe yana kallon hoton tsohon, sannan ya jefa. Bai yi kuka ba. Ya wanke hannu, ya ce mata, "To, Asabe, ɗora tukunya, kada wutar ta tafi a banza." Washegari ya zo makaranta a kan lokaci, ya shiga aji hannu rabbana, ya koyar da abin da ke kansa.

Ranar da ba zan manta ba ta zo bayan wannan da 'yan watanni. Da hantsi ne, ina ajin da ke jikin nasa. Muka ji ƙara ɗaya mai nauyi daga wajen cikin gari, har ƙasa ta motsa, kwanon rufi ya amsa. Sai harbi ya biyo, ba ƙaƙƙautawa, kuma kowane ɗan lokaci kamar ƙara matsowa yake yi. Waɗanda ajinsu ke kusa da katanga suka haura suka watse. Mu namu ginin a tsakiyar fili yake, duk wanda ya fita a sarari yake. Ƙofar ajina ba ta da sakata, sai na kwashi ɗalibaina muka rarrafa zuwa ajin Malam. Ya rufe tagogin katako, ya sa sakata, ya ce kowa ya kwanta.

Muka kwanta a kan siminti, maza da mata, kan wani a ƙafar wani. Ɗakin ya yi duhu, sai ɗan hasken da ke shigowa ta tsagar taga. Ina jin yara suna salati ƙasa-ƙasa, wasu suna kiran Yesu, wani yaro yana ta kiran uwarsa da Ngizimanci. Sai Rifkatu, 'yar Mista Bitrus, ta fara wani irin kuka mai shiƙewa, yana ƙara tashi. Ubanta ba ya nan ran nan, ya tafi Damaturu. Kowa ya san idan kukan ya fita waje, ya nuna inda muke. Wata ta toshe mata baki, abin ya ƙaru.

Malam na kwance kusa da ni, kuncinsa a ƙasa. Tabaransa ya faɗi. Cikin wannan hali na ji ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "Rifkatu, na taɓa gaya muku abin da Mai Lofe ya yi ranar da aka yi harbi a tasharsa?"

Ya ci gaba, muryarsa na rawa, yana tsayawa duk lokacin da harbi ya yi yawa. Ya ce ran nan mutumin yana bayan tagarsa yana ba wata tsohuwa canji, sai aka buɗe wuta a dandamalin jirgi. Ya faɗa ƙarƙashin tebur, tsohuwar ta zagayo ta faɗa kansa, da kwandonta da agwagwar da ke ciki. Agwagwa ta fara kuka. Tsohuwa ta ce ya murɗe mata wuya, shi kuwa ko sauro bai iya kashewa ba. Sai ya cusa agwagwar cikin rigarsa ya rungume ta, tana tsattsagar cikinsa, yana ba ta haƙuri da Faransanci mai ladabi, yana ce mata uwargida.

Wani yaro daga can baya ya yi raɗa, "Malam, bai gudu ba?"

"Ya so gudu. Ƙafar ce ta ƙi."

Na ji 'yar dariya ta bi ɗakin, irin wadda ke fita ta hanci. Kukan Rifkatu ya koma ajiyar zuciya. Malam bai tsaya ba, ya yi ta jan labarin, abin da tsohuwar ta ce, abin da agwagwar ta yi, yadda mutumin ya koma bakin aiki washegari cikinsa duk tabo. Wannan labari ban taɓa jin sa ba a duk shekarun da na yi a gabansa, kuma ina kyautata zaton a nan ƙasa ya ƙirƙire shi.

Yana cikin magana muka ji gudu a waje. Takun ya zo ya wuce ajina, ya dawo, ya tsaya. Sai aka fara dukan ƙofarmu da ƙarfi. Ba wanda ya yi motsi. Ni dai na kasa ko kalmar shahada. Aka sake duka, sakatar na tsalle.

Malam ya matso da bakinsa kunnena. Ya ce, "Tagar baya tana buɗuwa. In su ne, zan ja su da magana, ka san ni da surutu. Ka fitar da yaran, mata tukuna."

Na riƙe rigarsa na ce, "Malam, kada ka buɗe."

"In ban buɗe ba za su harbo ta cikin katakon, kuma yara ne a bayansa."

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa bango. Na ga bakinsa na motsi. Ya zare sakata, ya buɗe kaɗan, ya fita da jikinsa ya tare ƙofar.

Matar Mista Bitrus ce. Ba takalmi, ba ɗankwali, ƙafarta na jini. Daga shagonta na bakin kasuwa ta ratso cikin harbin nan da gudu, tana bin aji-aji, muryarta ta dushe har ta kasa kiran sunan 'yarta. Malam ya jawo ta ciki ya mai da sakata. Ta faɗa kan Rifkatu. Shi kuwa ya sulale a jikin ƙofar ya zauna, ya yi ta amai. Ba mu fita ba sai bayan azahar, da gari ya yi tsit. Duk da haka bai tafi gida ba sai da ya ga kowane yaro ya samu wanda zai bi, na ƙarshen su shi ya raka har ƙofar gida.

Cikin makon nan aka rufe makarantu. Mista Bitrus ya haɗa kayansa, zai koma Filato da iyalinsa. Malam ya raka su tasha, ya riƙe masa jaka har bakin mota. Da mota za ta tashi Mista Bitrus ya leƙo ya ce, "Haruna, ka zo mu tafi." Malam ya ce, "In je ina? Can ma baƙo zan zama, kuma ni tsoron baƙunta nake ji." Ya tsaya har motar ta ɓace.

Daga wannan rana bai ƙara samun lafiya sosai ba. Hawan jini ya kama shi, barci ya ƙaurace masa. Bayan ƙaramar salla ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da ya farfaɗo sai aka ga wani abin mamaki: Hausa ta ɓace masa, harshen gida ma sai kalma ɗai-ɗai, abin da ya rage a bakinsa Faransanci ne. Inna Asabe, wadda ta yi zaman aure da shi tun tana yarinya, ta kasa gane ko ruwa yake so ko juyi. Sai na riƙa zuwa kullum bayan la'asar ina yi musu tafinta da ɗan abin da ya koya mini. Yakan gyara mini kuskure ko a wannan hali, ya ɗaga yatsan hagu ya girgiza. Idan ya ɗaga murya, Inna takan tashi da sauri ta rufe taga, don kada mai wucewa ya ji ana wani yare a gidan. Yana ganinta, yakan rufe ido ya yi shiru. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Zuwana na ƙarshe ranar Lahadi ne. An sanar cewa za a buɗe makarantu, ni kuwa wani ɗan'uwan matata ya samo mini aiki a wani shago a Bauchi. Na gaya masa, ina jiran ya ce mini kada in bar yara. Ya daɗe yana haɗa kalmomin. Ya ce in tafi in ina so, 'ya'yana ƙanana ne, ba wanda zai zarge ni, shi ma ba zai zarge ni ba. Sannan ya tambaye ni wa zai karɓi ajinsa. Na ce ba a samu kowa ba, watakila a cire darasin. Ya gyaɗa kai. Can ya kama hannuna ya ce yana jin tsoro. Na tambaye shi, tsoron yaran nan? Ya ce a'a, wannan ya wuce, na gamuwa da Ubangijinsa ne, in roƙa masa gafara. Inna ta ce, "Me ya ce?" Na fassara mata. Ta share masa baki da gefen zanenta ta ce, "Gaya masa ni dai na yafe masa, duniya da lahira." Ban kai ga fassarawa ba na ga hawaye na bin kuncinsa. Wannan ya ji ta ba tafinta.

An yi jana'izarsa da hantsi a ƙofar gidansa. Kowa ya san taro abin gudu ne yanzu, Garba ma ya ce mini ba ya sa ran a cika sahu biyu. Amma kafin a fito da shi layin ya cika. Direbobi, teloli, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwar hatsi, wasu daga Mamudo, wasu daga Gadaka, duk waɗanda suka taɓa zama a ajinsa. Matasan unguwa suka tsaya a bakin layi suna shafa jikin kowa kafin ya shigo. Kiristocin da suka rage a garin, tsofaffin ɗalibansa, suka tsaya a gefe ƙarƙashin dalbejiya. Kowa na satar kallon na kusa da shi, duk wanda ya sa riga mai kauri sai an matsa daga gare shi.

Liman ya yi kabbara ta biyu ke nan sai muka ji wata ƙara daga bakin titi. Sahu ya watse. Na tsinci kaina a cikin kwata, wani dattijo a kaina, takalma ko'ina. Da na ɗaga kai, ba kowa a filin sai makara a ƙasa, da liman da ya durƙusa ya rufe kai, da Garba da ya kwanta a kan gawar ubansa. Can wani ya yi kira cewa tayar tirela ce ta fashe. Muka fito ɗaya bayan ɗaya, muna kaɗe riguna, ba mai iya duban wani. Na zaci rabin mutanen sun tafi ke nan. Amma suka dawo, har waɗanda suka kai ƙarshen layi da gudu. Aka sake daidaita sahu, liman ya sake tayar da salla daga farko, muka sallace shi. Muka ɗauke shi a kafaɗa har makwancinsa.

Jiya Litinin aka buɗe makaranta. Ban tafi Bauchi ba, ban kuma ce na fasa ba. Na je, na tarar da yara ba su kai rabi ba. Da lokacin Faransanci ya yi, na ga 'yan ajinsa zaune shiru ba malami, sai na shiga. Abin da na sani kaɗan ne, kuma duk lokacin da mota ta wuce sai na dubi taga. Mun yi gaisuwa da ƙirga, muka tashi.

Ya Allah, ga bawanka Haruna ya zo gare ka. Ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka gafarta masa kurakuransa, ka karɓi kyawawan ayyukansa, ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ya rayu shekarunsa na ƙarshe cikin firgici, ya Allah ka amintar da shi a kabarinsa, ka amintar da shi ranar tsayuwa, ka sanya shi cikin waɗanda babu tsoro a kansu kuma ba za su yi baƙin ciki ba. Ka ba Inna Asabe haƙuri da juriya, ka zama gatanta. Ka shirya Garba da ƙannensa da jikokin da ya bari, ka rufa musu asiri, ka haɗa kansu. Ka tsare ɗalibansa duk inda wannan fitina ta watsa su. Ka kawo mana ƙarshen wannan musiba, ka dawo wa Potiskum da ƙasarmu baki ɗaya da zaman lafiya, yaranmu su je makaranta su dawo. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.